Hannun Gwani da Sunan Ɓangare: Tarihin Matsayin Ɗan Dambe a Ƙasar Dutse

Dambe, wato gwada ƙarfi tsakanin maza biyu da dunƙulallen hannu guda wanda aka naɗe da ƙyalle da igiya, yana cikin tsofaffin wasannin Hausawa da suka tsallake sauye-sauyen mulki da na tattalin arziki, kuma a ƙasar Dutse, kamar sauran yankunan da suka daɗe ƙarƙashin masarautar Kano, an san shi a matsayin wasan kaka da na mahauta tun kafin ya zama sana'ar da ake biyan kuɗin ƙofa domin kallonta. Mafi yawan abin da ake faɗa a kan dambe ya tsaya ne ga bugu da kisa da waƙa, alhali akwai wata tambaya da ta biyo wasan tun asalinsa, wadda ba a cika ba ta haƙƙinta ba, ita ce ta wanda ke da iko da gwani idan ya gagari tsararrakinsa, shin garinsu ne, ko ubangidansa, ko ɓangaren da yake tsaya wa, ko kuwa mai gidan damben da ya fi kowa sakin hannu. Amsar wannan tambaya ta sauya fiye da sau ɗaya cikin shekaru 200 da suka wuce, kuma kowane sauyi ya zo ne tare da sauyin hanyar da kuɗi ke bi kafin su isa hannun ɗan dambe.

Daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta a kan damben ƙasar Kano akwai na Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya wanda ya sauka a birnin Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, aka kuma buga labarin tafiyarsa a Landan a 1826. Da ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya aika da tayin wuri 2,000 domin a yi wasa a ƙofar masaukinsa, bisa sharaɗin kada a yi da gaske, saboda an shaida masa cewa karawa takan kai ga rasa rai. Abin lura a bayaninsa shi ne 'yan damben ba su zo su kaɗai ba, sun iso ne da makaɗa da ɗaukacin mahautan gari a bayansu, kuma da labari ya bazu sai 'yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka ajiye kayansu, kowa ya nufi fili. Tun a wancan lokaci ke nan akwai mai kuɗin da ke kiran wasa, akwai kuma jama'ar sana'a da ke ganin ɗan dambe nata ne. Dutse a lokacin tana bin Kano, fatake da mahauta suna kai da komo tsakanin kasuwanninta da Kasuwar Kurmi, don haka babu dalilin ɗaukar damben ƙauyukanta a matsayin wani abu dabam da wanda baƙon ya gani a birni.

Alaƙar dambe da fawa tana da tushe a yanayin sana'ar kanta. Fawa sana'ar gado ce wadda ke ƙarƙashin Sarkin Fawa, wato shugaban mahauta da ke lura da yanka da tsarin rumfunan nama a kasuwa, kuma a tsohon tsarin daraja na Hausawa ba a ɗora mahauta, waɗanda ake kira rundawa, a sahun gaba ba, duk da cewa babu biki ko sunan da ke kammaluwa ba tare da su ba. Su ne kuma masu yawon cin kasuwa, domin a ƙasar da kowace babbar kasuwa ke da ranarta, irin su Shuwarin da ke kusa da Dutse, da Sara a yankin Gwaram, da Gujungu, da kasuwar dabbobi ta Maigatari a bakin iyakar Nijar, mahauci kan kwana a garuruwa da dama cikin mako guda. Idan aka yi girbi, aka ɗaure dammunan gero da dawa aka cika rumbuna, sai bukukuwan aure da na kalankuwa su kankama, mahauta su bi su da yanka da rana, samarinsu kuma su shiga dandali da yamma su ƙalubalanci samarin garin da suka sauka. Kalangu, wanda shi ne gangar da ake kaɗa wa mahauta domin sanar da cewa an yi yanka, shi ne ya zama kiɗan dambe. A wannan mataki gwani na garinsu ne da na sana'arsu, faɗuwarsa abin kunya ce ga kowa da kowa a garin, ladansa kuwa bai wuce riga ko damin hatsi ko akuya da yabon 'yan mata ba. Sai dai wasan ya ba jama'ar da aka raina wani fage da asali ba ya aiki a cikinsa, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Fahimtar darajar gwani tana buƙatar sanin abin da yake yi a fili. Kafin a shiga, ɗan dambe yakan miƙa hannun da ya fi ƙarfi a naɗe masa shi da ƙyalle, sannan a bi da igiya a ɗaɗɗaure tun daga wuyan hannu har zuwa kan dunƙule, ana ja ana matsewa har ya yi tauri, shi kuwa yana jinjina shi yana gwada nauyinsa, idan bai yi masa ba a kwance a sake. Wannan hannu shi ake kira mashi, ɗayan kuma da ake miƙawa gaba a buɗe domin kare fuska da auna tazara da dafe kan abokin karawa shi ne garkuwa. Ana yin wasa turmi-turmi, turmi kuwa shi ne zagaye guda na karawa, kuma a bisa al'ada ba a wuce uku, idan aka kai ƙarshe babu wanda ya faɗi sai a ce an tashi babu kisa. Kisa a dambe shi ne a bugi mutum har hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa. Tun da hannu ɗaya ne ke bugu, kuma sakinsa a inda bai dace ba yakan bar ƙirji da muƙamuƙi a buɗe, gwaninta ba ta tsaya ga ƙarfi ba, ta haɗa da haƙurin jira da karanta ƙafar abokin karawa da sanin lokacin da garkuwarsa ta sauka. Bahago, wato mai bugu da hagu, yana da wata daraja ta musamman, saboda yawancin 'yan dambe sun saba tarar bugu daga dama, nasa kuwa yana fitowa ne ta inda ido bai saba tsammani ba.

Babu ɗan damben da ke tasowa shi kaɗai, kuma sunayen da ake kiransu da su a fili sun isa shaida. Yaro yakan fara ne da ɗaukar jakar wani babba da riƙe masa ruwa da taya shi naɗi, daga nan a fara sa shi wasan share fage, idan ya nuna alama sai a laƙaba masa sunan maigidansa, a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ko Dogon wane. Sunaye irin su Garkuwan Cindo da Autan Sikido da Ali Ƙanin Bello, waɗanda masu bin dambe na wannan zamani suka sani, duk sun ginu ne a kan wannan tsari, ta yadda duk kisan da yaro ya yi sai an ambaci wanda ya rene shi. Bayan maigida na cikin fili akwai ubangida na waje, wanda galibi mahauci ne mai hali ko ɗan kasuwa, shi ke ciyarwa, shi ke biyan kuɗin mota da na magani da na layu da tsagar da ake yi a dantse, shi ne kuma ke fara tashi ya yi liƙi idan yaronsa ya yi kisa. Na uku shi ne makaɗi, wanda ke ba gwani taken kansa, wato salon kiɗan da idan aka kaɗa shi kowa ya san wanda ake kira, har a ga jikinsa na tsuma ya fito yana kirari. Shaharar Shago, wanda har yau ake buga misali da shi, ba za a iya raba ta da waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace ba, domin su ne suka kai labarin karawarsa da Ɗandunawa garuruwan da bai taɓa taka ƙasarsu ba, musamman bayan da rediyo da kaset suka shiga ƙauyuka.

Gwanin da ya gagara yana da matsalar da ƙaramin ɗan dambe ba shi da ita, wato rashin abokin karawa. Idan mutum ya kashe duk wanda ke garinsu da garuruwan maƙwabta, sai a wayi gari ana kaɗa takensa ya fito ya zagaya fili babu mai tare shi, kuma damben da ba a kara ba babu liƙi a cikinsa. Dole ke nan ya yi gaba, kuma tattalin arzikin ƙarni na 20 ya buɗe masa hanya. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, daga baya aka miƙa layin zuwa Nguru ta Ringim da Malam Madori, noman gyaɗa ya sa tsabar kuɗi ta riƙa shiga hannun manoma da kaka, hanyar mota ta Kano zuwa Maiduguri kuma, wadda ta bi ta Wudil da Birnin Kudu, ta haɗa Dutse da birni ta Kwanar Huguma. Ci-rani ya kwashi samari zuwa manyan garuruwa, kuma a can ne aka fara kewaye fili da zana ko kwano ana karɓar kuɗin shiga, abin da ya haifar da gidan dambe a matsayin kasuwanci mai zaman kansa wanda ba ya jiran kaka.

A gidan dambe na birni, inda mutanen garuruwa barkatai suka haɗu, sunan ƙauye ya yi ƙanƙanta da ya zama tuta, sai aka koma ga ɓangare, wato babbar ƙungiyar da ɗan dambe ke tsaya wa a duk inda ya je. Fitattun ɓangarorin su ne Arewa da Kudu da Guramaɗa, kuma galibi Arewa ta fi kafuwa a ƙasashen Sakkwato da Zamfara, yayin da 'yan damben ƙasar Kano da maƙwabtanta suka fi yawa a Kudu. Kowane ɓangare yana da wurin zamansa a fili da makaɗansa da shugabanninsa, kuma a bisa al'ada 'yan ɓangare ɗaya ba sa karawa da juna. Daga nan ne aka sami bambanci tsakanin ƙaura iri biyu da masu kallo ba sa haɗa su. Sauya gida, wato barin gidan damben wani gari zuwa na wani, abu ne da aka saba, domin mai gida yakan aika wa gwani kuɗin mota da alƙawarin sallama, sallama kuwa ita ce kason da ake ba ɗan dambe daga kuɗin ƙofa bayan an tashi, kuma idan aka sa damben mota ko na babur, wato gasar da kyautarta mota ce ko babur, gwanaye kan taru daga ko'ina. Sauya ɓangare kuwa magana ce mai nauyi wadda ke taɓa amana, saboda wanda ya yi haka zai fuskanci waɗanda suka naɗa masa hannu jiya, kuma sunan maigidan da yake ɗauke da shi zai zama abin tambaya. Saboda haka ne raɗe-raɗin inda wani gwani zai sauka bayan salla, ko jita-jitar cewa ya sami saɓani da shugabannin ɓangarensa, kan ci kwanaki ana tafka muhawara a kansu a rumfunan mahauta da tashoshin mota.

Shekarar 1991 ta kawo sauye-sauye biyu da suka shafi ɗan damben ƙasar Dutse kai tsaye. A ranar 27 ga Agusta gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, aka mai da Dutse hedikwata, a watan Disamba kuma aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja. Na farko ya samar da wata sabuwar tuta, domin a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973 aka kuma shigar da dambe da kokawa da langa cikinta daga baya, ɗan wasa jiharsa yake wakilta ba ɓangarensa ba, don haka saurayin Kiyawa ko Jahun da a da za a lissafa shi Bakano ya koma ɗan Jigawa a takarda. Na biyu ya ja leburori da mahauta da 'yan tireda zuwa kewayen sabon babban birnin, inda gidajen dambe na Dei-Dei da Maraba suka zama manyan fagage tare da na dandalin Ado Bayero a Kano. Dutse kanta ta faɗaɗa, unguwanni irin su Yalwawa da Takur da Fagoji suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, amma kuɗin ƙofa mai kauri yana can inda taro ya fi yawa, wanda hakan ke nufin duk yaron da hannunsa ya nuna alama a wannan yanki sai ya bar gida kafin sunansa ya girma. Sukar malamai a kan caca da layu da cakuɗar maza da mata a wuraren wasa, wadda ta ƙara ƙarfi bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jigawa da Kano a shekarar 2000, ita ma ta taimaka wajen rage wa dambe wurin zama a bukukuwan gari.

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam a kan kokawa, inda tun 1975 gwamnati ta kafa gasar Takobi, wadda aka fara a Tawa, kowace jiha tana turo tawagarta, har gwani irin Kadri Abdou na Doso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobin sau 6 da sunan jiharsa. A can hukuma ce ta tsaya a matsayin ubangida, a damben Nijeriya kuwa ba ta taɓa ɗaukar wannan nauyi sosai ba.

Kwatanci mafi amfani yana wani wasa da ba a yi a ƙasar Hausa, wato besbol na Amurka, inda mutum ɗaya da ake kira mai jifa ke tsayawa a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo da hannu guda, abokin hamayya kuma yana ƙoƙarin dukanta da sanda, kuma kamar a dambe, darajar mai jifa tana dantsensa, bahago ma yana da tasa kasuwa. Tun daga 1879 masu kulob suka kafa wani sharaɗi wanda ya ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗinsa har sai an sayar da shi ko an sallame shi. Ɗan wasa Curt Flood ya ƙi yarda a mayar da shi Philadelphia daga St. Louis a 1969, ya kai ƙara har kotun ƙoli, ya kuma sha kaye a 1972. Amma a ƙarshen 1974, Catfish Hunter, mai jifan Oakland wanda ya ci wasa 25 a shekarar aka kuma zaɓe shi gwanin masu jifa na rukuninsu, ya sami 'yancin kansa saboda mai kulob ɗin ya saɓa wani sashe na yarjejeniyarsu. Kusan duk kulob-kulob suka yi ta aika wakilai zuwa wani ƙaramin gari a jihar Karolina ta Arewa, jaridu suka yi ta hasashen inda zai sauka, daga bisani ya sa hannu da New York Yankees na shekara 5 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 3. A Disambar 1975 mai sasanci Peter Seitz ya 'yanta wasu masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, a 1976 kuma ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta cimma matsaya da masu kulob cewa duk wanda ya yi shekara 6 yana da ikon zaɓar inda zai koma. Wannan tsari ne ya kai ga yarjejeniyar dala miliyan 700 ta shekara 10 da Shohei Ohtani, ɗan Japan mai jifa da duka, ya ƙulla da Los Angeles Dodgers a Disambar 2023.

Tarihin ɗan dambe ya bi akasin wannan hanya. Mai jifan Amurka ya fara ne a ɗaure, yana da albashi da rubutacciyar yarjejeniya, ya yi gwagwarmaya ta kusan ƙarni guda kafin ya sami ikon tafiya, ɗan damben Hausa kuwa tun farko babu takardar da ta hana shi ɗaukar jakarsa ya bar gari, amma babu kuma takardar da ta wajabta wa kowa kula da shi ranar da hannun ya karye ko ido ya lalace. Abin da ke tsakaninsa da mai gida da ubangida alƙawarin baki ne da kunya da mutunci, waɗanda ke aiki sosai muddin yana kisa, su kuma yi rauni idan ƙarfi ya fara ja da baya. Damben ajo, wato wasan da ake shiryawa domin tara wa wani ɗan dambe ko makaɗi gudummawa, shi ne abin da al'ada ta tanada domin irin wannan rana, sai dai taimako ne na yini guda, kuma yawan abin da za a tara ya dogara ne ga yawan waɗanda ba su manta da mutum ba.

A shekarun baya-bayan nan wani sabon mai kiran wasa ya shigo. Dambe Warriors, wadda Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka fara a 2017 ta hanyar ɗora bidiyon karawa a YouTube, da African Warriors Fighting Championship ta Maxwell Kalu, sun kai wasan gaban miliyoyin masu kallo a ƙasashen waje, sun kuma kawo rabon 'yan wasa bisa nauyin jiki, da ƙayyade lokacin turmi, da ajiye ma'aikatan lafiya a bakin fili. A teburin mai shayi a Yalwawa, matasan da ke musu a kan kulob ɗin da wani ɗan ƙwallon Turai zai koma su ne kuma ke miƙa wa juna waya a ga kisan da ɗan dambe irin Ebola ko Dogo Mai Takwasara ya yi, a kuma yi ta hasashen inda za a gan shi nan gaba. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman ta fuskar lafiya, amma yana ɗauke da wani haɗari da ya kamata a faɗe shi a fili, domin takardar yarjejeniya tana iya ƙwace wa ɗan dambe 'yancin tafiyar da ya gada ba tare da ta ba shi kariyar da bai taɓa samu ba, musamman ga wanda bai yi karatun boko ba kuma aka miƙa masa takarda da Turanci. Abubuwan da suka wajaba a tsayar a cikin irin wannan takarda sanannu ne, wato wa'adin da za ta ƙare, da wanda zai biya kuɗin asibiti da na ɗori idan an ji rauni, da kason ɗan wasa a kuɗin da bidiyonsa ke kawowa bayan an tashi daga fili, da ikonsa na ci gaba da tsaya wa ɓangarensa a gidajen dambe na gargajiya. Waɗannan sharuɗɗa sun fi ƙarfin ɗan dambe guda ya nema wa kansa, ko da kuwa shi ne gwanin shekara, kuma shugabannin Arewa da Kudu da Guramaɗa, waɗanda suka saba zama tare domin raba rigimar fili da tsara wanda zai kara da wane, su ne ke da tsarin da zai iya zama da kamfanoni da masu gidaje a madadin 'yan wasan baki ɗaya.